Kifi a Saman Argungu

"Ya haska. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya dushe."

Malamin lissafi ne ke ƙidaya da ƙarfi, bai ɗaga ido daga madubin hangen nesa ba. Kwana tara ke nan, duk bayan magariba, yana bin tauraron ɗan'adam da ke ratsa saman Argungu. Turawan da suka ara masa madubin za su tafi bayan bikin 'yancin kai, sun kuma ce in ya faɗi siffar abin daidai za su bar masa shi. Gobe zai aika amsa Birnin Kebbi. Ya riga ya rubuta, ya kuma karanta a fili: mulmulalle ne kamar ƙwallo.

Mahaifinsa, tsohon masunci, yana kan tabarma yana jan carbi.

"Ƙwallo? Goge," in ji tsohon. "Gora in shina juyawa bisa ruwa, ko'ina ɗaya yake ga ido. Wanga abu kihi na. In ya ba rana gehenai shi walƙa, in ya ba ka kai shi ɓace. Dogo na, kuma wuntsilawa shikai."

Malamin ya duba lambobinsa na kwana tara. Haske biyu, juyi ɗaya. Komai ya zauna daram.

"Baba, taso ka gani kafin ya wuce!"

Sai da ya kamo hannun tsohon sannan ya tuna: shekara shida ke nan da yanar ido ta makantar da shi.

Tsohon ya zare hannunsa.

"Koma ka ci gaba da ƙidaya da ƙarhi. Ina ganinai."