Ɗorawar Bayan Ajinmu

Ina aji huɗu a firamarenmu ta wajen Durba, shekarun da siyasa ta dawo, aka kawo mana wani littafin labari daga Kano. Dab da tashi hedimasta ya shigo da kansa ya karanta mana. Labarin wata yarinya ne da ta rungume bishiyar garinsu ta hana a sare, don kada damina ta riƙa makara, rijiyoyi su ƙafe. Har muryarsa rawa take, wai shi mai tausayi.

A bayan ajin kuwa gatari ke sauka a gindin ɗorawar da muke shan inuwarta. Hedimastan ne da kansa ya sa a sare ta, a sami filin kafa rumfar ciyaman da zai zo bikin dashen itatuwa. Warin ɗanyen itace ya cika ajin.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ga tamu can ana sarewa."

Ya lashi yatsa ya juya shafi, ya ce, "Rufe tagar nan, ƙarar tana hana ku fahimtar darasi."

Ai kuwa na fahimta sarai. Har yau in na ji babba yana yi wa yara wa'azin sauyin yanayi, hannunsa nake kallo, ba bakinsa ba.