Uban Kamfanin Taki

Tun da aka rushe Jam'iyya Ɗaya, wadda gona da shago duk nata ne, sabon tsarin mulki ya zo da wata doka mai ban sha'awa: kowane kamfani sai an ba shi uba. Majalisa ke zaɓa cikin tsofaffi. Ni aka ba kamfanin taki. Shekarar da ban sa masa albarka ba, rufe shi za a yi.

Yau Hansatu ta zo karɓar albarkar. Ita kamfanin ke aiko mini duk Alhamis, ta yanke mini farce, ta saurari mafarkaina, har na kifin da ya yi limanci.

Ta durƙusa, ta ajiye 'yar na'urar naɗar murya da ke kai wa Majalisa albarkar.

"Baba, a ɗaga murya. Kunnenta ya fi naka nauyi."

Na miƙa mata ruwan rijiyarmu a moɗa. Ta kai baki, ta ji warin, ta ajiye.

Na ce, "Wata uku ke nan da dattin kamfaninku ya shiga rijiyar. Jikokin maƙwabciyata Kande duk gudawa suke."

"Na sani, Baba. Amma in ka hana, aikina ya tafi, zuwana nan ma ya ƙare."

Na dafa kanta.

"Hansatu 'yar Tanimu, Allah ya yi miki albarka."

Na'urar ta ce, "Ba a ambaci sunan kamfani ba. A maimaita."

Ban maimaita ba. Hansatu ta share ido da gefen mayafi, ta kashe na'urar.

"Amin, Baba. Wannan ba ta Majalisa ba ce, da ita zan tafi gida."