Igwa Kamar Ɗan Yatsana

Ina 'yar shekara tara, Baba yana zubin dalma a rumfarsa ta bakin kasuwar Kabo. Ran nan da la'asar ƙananan bindigogin igwa yake zuba wa wani malamin makaranta mai haɗa ɗan jirgin ruwa na katako, kowacce kamar ɗan yatsana. Ni nake ɓare mazubin roba ina fito da su da ɗuminsu.

Wani baƙo ya tsaya da babur, ko sallama babu. Ya ɗauki ɗaya, ya kanne ido ya leƙa bakinta.

"Maƙeri, hannunka na da kyau. Babba fa, wadda za ta tashi?"

Kafin Baba ya amsa na ce, "Babu abin da Babana bai iya ba!"

Mutumin ya daɗe yana kallona. "Wannan 'yarka ce? Wace makaranta take?"

"Kayan wasa nake yi," in ji Baba.

"Zan dawo ran kasuwa."

Babur ɗin na ɓacewa, Baba ya sa wuƙa ya yayyanka mazubin. Bai yi mini faɗa ba. Har gida yana riƙe da wuyan hannuna, riƙon da ban gane ba sai da na haifi tawa.