Goge Na Ƙasa

Kwamfutar asibitin ta sake sandarewa. Sakatariya ta zabga tagumi tana jiran jadawalin marasa lafiya ya buɗe.

Jadawalin nan shi ne ƙwaƙwalwar asibitin: suna, unguwa, lambar waya, can ƙarshen dama kuma gurbin da ake rubuta maganin da jikin mutum ba ya karɓa. Da mutane ba su da yawa, lafiya lau. Yanzu layuka sun yi yawan da kwamfutar har nishi take yi.

"Likita, mu koma rumbun bayanai," in ji ta. "Can kowa da lambarsa, ko suna ya zo ɗaya ba a rikicewa."

Mai asibitin ba mutumin da ake koya wa aikinsa ba ne. "Jadawali ba shi da laifi. Ku ne kuke rubuta mutum sau biyu. Share maimaicin, ki ga gudu."

Ya tsaya a kanta tana sharewa. Can sai ga sunansa ya fito layi biyu, unguwa ɗaya, waya ɗaya. Ya tuntsire da dariya.

"Kin gani? Har ni kun mayar tagwaye. Goge na ƙasa."

Ta so ta ja zuwa dama ta leƙa, ya ce mutane na jira. Ta goge.

Kwamfutar kuwa ta yi sauri, ya yi ta yi mata gori.

Wata rana da hantsi, wata malamar makaranta ta shigo da yaro a kafaɗa, jikinsa zafi rau. Sabuwar nas ta tambayi suna ta buga, layi ɗaya ya fito. Ta ja can ƙarshen dama, gurbin fayau, ba komai. Ƙaramin likita ya rubuta allura.

Mai asibitin yana ofis yana jiyo kukan yaron ta bango, bai ko ɗaga kai ba. Sai kukan ya tsaya cak. Sai takun gudu a baranda, wani yana ƙwala wa ƙaramin likita kira.

Wayarsa ta yi ƙara. Matar ɗansa ce.

"Baba, malamarsu ta kawo takwaranka wajenku da zazzaɓi. Na san yana rubuce a kwamfutarku, amma don Allah ka tuna musu allurar nan da ta kusa kashe shi bara."