Wa Ya Buɗe Fayil ɗin Sirri?

Bulala ta riga ta tsaga bayan Mahadi kafin in isa ofishin ƙungiyarmu a Gusau. Shi ke kula da na'urar da ke ɗauke da shafin intanet inda manoman Bungudu ke kai rahoton 'yan bindiga a asirce. Fayil ɗin kalmomin sirri, wanda aka kulle, an wayi gari kowa na da izinin karanta shi. Har an yanka manoma biyu daga cikin masu kai rahoton a gonakinsu.

"Munafuki! Kai ka sayar da su!" in ji Sabiru, sakatarenmu, yana ƙara zabga masa.

Mahadi, jini na zuba daga bakinsa, ya ce, "Baba Liman, don Allah a duba rajistar na'urar. Tana rubuta lokaci."

Na sa aka duba. Daga kwamfutar ofis aka sauya izinin, ranar Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A daidai lokacin ina kan mumbari, Mahadi kuwa shi ya yi kiran salla, yana zaune a gabana.

Makullin ofis biyu ne, ɗaya yana hannun Mahadi. Na dubi mai riƙe da na biyun, wanda ya aiko mini cewa zazzaɓi ya hana shi zuwa masallaci ranar.

Bulalar ta suɓuce daga hannun Sabiru.