Dubi Uwarki

Ranar da ɗiyar ta baro gidan mijinta a Gazawa ta dawo wurin uwarta, don ya hana ta aikin asibiti, gwaggonninta suka taru a kanta.

"Dubi uwarki," in ji babbarsu. "Malamar lakol ce, ubanki ya ce bai son mace mai aiki, ta ajiye alli. Har ya rasu ba a ji kansu ba."

Uwar ta miƙe.

"Yaya, da me za a ji kanmu? Ba mu taɓa hira ba. In ajiye tuwo, ya ci, ya fita. Haka na tsufa."

Ta juya ga ɗiyarta.

"E, dube ni da kyau. Sa'annan ki shige ɗaki, ba inda za ki koma."