Farantin da Ya Yi Kore

Ran Lahadi da hantsi Sharifa ta sauka daga adaidaita a Sabon Gari, ta buɗe ɗakin bincikensu, ta tarar da na'urar ɗumama ƙwayoyinta ta yi sanyi ƙalau.

Shekara uku ke nan tana fama da ƙwayoyin halittar ɗan tayin ɓera. Sinadarai take ba su don su manta abin da suka fara zama, su koma farkon farawa, inda ƙwaya ɗaya tak za ta iya zama komai, har mabiyiya. In an dace, sai su yi hasken kore a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu. Faranti goma sha biyu ta bari ran Alhamis, kowanne da alamarta, ɗigon jan farce a gindinsa. Yanzu ga ƙwayoyin nan sun mace, suna yawo a saman ruwa.

Ba ta tsaya wani bincike ba. Abokiyar aikinta Amarachi ke tsaron Juma'a da Asabar, ita kuma ta riƙe mata Lahadi. Gurbin ƙaro karatu ɗaya ne, su biyu ke nema, kuma tun da suka yi cacar baki a kansa Sharifa ta toshe lambarta. Mutanen unguwarsu Kwaciri kuwa sun san Sharifa 'yar Baba Kyari, ba a taɓa ta a kwana lafiya.

Ta kwashi matattun, shida a dama, biyar a hagu, ta watsa a shara, kan wani faranti da aka riga aka yar. Sannan ta buɗe 'yar na'urar Amarachi mai cin faranti ɗaya, ta ɗora abin da ke ciki a madubi.

Kore shar! Abin da ya hana ta barci shekara uku, ga shi a wurin makira. Ta ɗauko ruwan bilic mai kashe ƙwayoyi ta tsiyaya a hankali, tana kallo har hasken ya dushe, kuma wallahi ta ji daɗi.

Sai ga Amarachi da kayan coci, tana haki, fuska fal murna.

"Ƙawata, kin duba? Na'urarki ta ƙone ran Juma'a, na kira ki har na gaji. Tawa kuma ɗaya take ci, dole na zaɓa, sai na yar da nawa."

Sharifa ta ɗaga farantin sama. A gindinsa akwai ɗigon jan farce.